Durowar da Ta Fita a Shataletale

Mahaifina kafinta ne a Zariya, kuma cikin duk abin da ya iya, abu ɗaya na ɗauko kafin boko ta janye ni: haɗa durowa. Shi ba ya sa ƙarfe. Siraran katako biyu yake kafawa a gefe, ya goge su da guntun kyandir, sai durowa ta riƙa shiga da fita sumul. Shi ya sa da na sayi wata tsohuwar Ford Transit a nan Shefild ta Ingila, da niyyar mayar da ita motar kwana irin wadda Turawa ke yawon hutu da ita, da gado da murhu a ciki, ban nemi shawarar kowa a kan durowa ba. Guda huɗu na haɗa, irin na Baba sak, na sa musu maganaɗisu a baki don su riƙe.

Idan motar tana tsaye a ƙofar gida, kai ma ka ce ƙwararre ne ya yi su.

Ranar da muka fara fita da iyali, ko garin ba mu bari ba. A Ingila ta hagu ake tuƙi, don haka in kana zagaya shataletale, mota dama take karkata, kayan cikinta kuma su yi hagu. Ni kuwa a bangon dama na kafa kabad ɗin, bakin durowoyin yana kallon hagu. Ban taɓa tunanin wannan ba sai da na ji ƙara. Durowar ƙasa, wadda muka cika da tukwane, ta ƙwace daga maganaɗisun, kuma da yake layin katako ba shi da abin da zai tare ta, sai ta fito gaba ɗaya. Kusurwarta ta sami Ummi a ƙauri, tana zaune a kujerar baya da bel a jikinta. Shekararta shida.

Ciwon bai yi zurfi ba, filasta ɗaya ta rufe shi. Matata ba ta ɗaga murya ba. Sai da ta gama lallashin yarinyar ta ce, "Baban Ummi, ba za ta ƙara shiga motar nan ba sai ka gyara wannan abin."

Mako biyu na yi ina taurin kai. Na sa maganaɗisu mai ƙarfi, na ɗaura igiyar roba, na ce ai a hankali zan riƙa shan kwana. Ba kuɗin ƙarfen nake ji ba. Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar nan, aikina duk a gaban kwamfuta, kuma waɗannan durowoyin su ne kaɗai abin da zan nuna in ce daga hannun Baba ya fito.

Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya daɗe yana jan irin wannan gidan tafiya, shi ya warware mini. Ya ce aiki biyu ne na haɗe wuri guda: layi shi ke ɗaukar nauyi, sakata ita ke riƙewa, kuma duk yadda layi ya ƙara sulɓi, haka durowa za ta ƙara saurin buɗewa a kwana. Har layin nan mai ja wa durowa ta rufe kanta a hankali, ya ce na kicin ɗin gida ne, ba ya tsare tukwane a hanya.

Na sayo layukan ƙarfe masu ƙananan ƙwallaye irin na boris, waɗanda ke ɗaukar kilo 45, suna fitowa har ƙarshe amma su tsaya. A nan wahalar ta fara. Kowane layi yana buƙatar fili milimita 12.7, wato dole faɗin durowa ya gaza na raminta da inci ɗaya cif. Nawa kuwa cike suke da raminsu, yadda Baba ya koya mini. Dole na wargaza duka huɗun na rage su da zarto. Ma'aunin nan mai ruwa a ciki bai yi mini amfani ba, domin motar kanta a karkace take a bakin titi. Sai na yanka guntun katako ɗaya na riƙa ɗora kowane layi a kansa, don hagu da dama su zo daidai. Duk da haka ta farko ta cije, na yi kuskuren milimita biyu, sai da na cike da washa. Inda hannu zai kai ta baya, na sa noti mai roba a ciki, saboda girgizar hanya tana kwance abin da aka ɗaure.

Sakatar ce ta fi burge ni, irin wadda ake sa wa jiragen ruwa. Maɓalli ne zagayayye a fuskar durowa. Ka danna, ya fito waje ya zama mariƙi. Ka sake dannawa, ya koma ciki, wani ɗan harshe ya maƙale a bayan katakon kabad. Kallo ɗaya ya isa ka gane wadda ba a kulle ba. Yanzu aikin Ummi ne kafin mu tashi: ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ce "huɗu", sannan in tada mota.

Na jima ban gaya wa Baba ba. Ran nan dai na kira shi ta bidiyon WhatsApp daga cikin motar, bayan mun gaisa na ba shi labarin duka, har da ƙaurin jikarsa. Na yi zaton zai ce na raina aikinsa.

"Kai ma dai," in ji shi. "Ni ka taɓa ganin ɗakin da na yi wa durowa yana tafiya?"

Idonsa ya yi rauni yanzu, sai ya ce in matso da wayar. Na ja durowar tukwanen, na mayar, na danna maɓallin. Ya kara kunne ya ce in sake. Na sake har sau uku.

"Tazarar gefen nawa ka ce?"

"Rabin inci kowane ɓangare, Baba."

Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. Sannan ya ce in wani zai zo gida in aiko masa da layi biyu da maɓalli ɗaya, akwai durowar maganinsa da ke cijewa duk damina.