Kumfa Ba Ta Ƙarya

Bahaushe bai ɗauki kumfa a bakin komai ba. In mutum ya cika surutu babu aiki, sai a ce kumfar baki kawai yake yi. Amma duk wanda abincinsa ya rataya a kan ruwa ya san kumfa manzo ce, kuma ba ta zuwa sai da saƙo.

Mu mutanen Madobi da maƙwabtanmu na Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwa ya daɗe da sauya mana rayuwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka ja magudanan ruwa zuwa Kadawa da kewaye, rani ya daina zama lokacin zaman kashe wando. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa suka mamaye filaye. Daga baya kuma kiwon tarwaɗa ya shigo gidaje, wasu a kwamin siminti, wasu a na tamfol. Ni ma ina da kwami biyu a bayan gida, kuma da su ake biyan kuɗin makarantar yara.

Abin mamaki, ba a Madobi na fahimci sirrin kumfa ba, daga Jidda ya zo mini. Ƙanena da ke aiki can yana da akwatin gilashi a ɗakinsa, cike da ruwan gishiri da 'yan kifaye masu launi irin na Bahar Maliya. Irin wannan kiwo na sha'awa ne, amma yana da tsada, kuma yana da wata na'ura da ake kira sikima, wato mai kwashe dauɗar ruwa ta hanyar kumfa. Aikinta shi ne ta riƙa hura ƙananan ƙwayoyin iska cikin wani bututu. Ragowar abinci da kashin kifi da suka narke a ruwa sai su manne a jikin ƙwayoyin iskar, su taso sama a matsayin kumfa mai kauri, ta zuba a wani kofi, a zubar. Gishiri ne ke sa ƙwayoyin iskar su tsaya ƙanana ba su haɗe ba, shi ya sa na'urar ta fi aiki a ruwan teku, wanda ke ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, fiye da ruwan daɗi irin namu.

Wata rana ya kira ni hankali a tashe. "Yaya, sikima ta yi ambaliya, ruwa ya jiƙa darduma har ya kusa kai wa soket." An ɗauke wuta ne na ɗan lokaci, ruwan akwatin ya gangaro ƙaramar tankin da ke ƙasa inda na'urar take, ya yi yawa. Da wuta ta dawo, maimakon kumfa mai kauri sai ruwa zalla ya riƙa bulbulowa cikin kofin. Ya ce zuba wasu magunguna a ruwa, ko gishiri ya toshe ƙofar iska, ko na'urar ta kasance sabuwa, duk suna kawo haka. Haɗarin kuwa ya wuce jiƙa darduma, domin ruwan gishiri ne ke fita, in aka cike gurbinsa da ruwan daɗi sai gishirin ya ragu, kifayen su galabaita. Abin da ya yi shi ne ya kashe wuta tukuna, ya zubar da abin da ke kofin, ya wanke ƙofar iska, ya jira ruwan tankin ya koma matsayinsa, ya sassauta mafitar na'urar, sannan ya kunna ta.

Ba a yi wata biyu ba sai ga irin wannan a unguwarmu, a tsakiyar bazara. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya zuba kuɗin sallamarsa daga aiki a kan tarwaɗa, ya aiko jikansa da asuba. Na tarar da kumfa ta yi tozo a inda ruwa ke zuba, tana malala ta bakin kwami, ga ƙarni, kifaye kuma sun taru a sama suna ta haɗiyar iska. Saura mako uku a zo a auna su, kuma akwai bashin buhunan abinci a kansa. Wani matashi ya kawo shawarar a ɗiga man gyaɗa, wai nan take kumfar za ta kwanta. Gaskiya ne za ta kwanta, amma dauɗar tana nan, man kuma zai shimfiɗu a saman ruwa ya tare iska.

Na ce, "Baba, kumfar nan ba ita ce cutar ba. Abin da injin ƙanena ke yi da gangan, shi ruwanka ya yi da kansa. Ya tattaro maka dauɗar wuri ɗaya, a kwashe ta." Dattijo ya dube ni, ya ce, "To Malam, bismilla."

Muka sa ƙwarya muka yi ta kwashewa. Muka buɗe bututun ƙasa, inda laka ke kwanciya, muka saki kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan. Ba mu ɗebo na magudana ba, don a wannan lokaci ana feshi a gonaki, sai muka kawo na burtsatse a hankali, yana faɗowa daga sama don ya haɗu da iska. Aka dakatar da abinci kwana biyu, aka raba kifayen kwami biyu. Dalili kuwa shi ne ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, kuma sinadarin amoniya da kifi ke fitarwa ya fi illa a cikin zafi. Tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sama, shi ya sa take ruɗin mai ita, ta yi ta jurewa har ranar da za a wayi gari ana kwasar gawa. Da karfasa ce, da tuni an yi sallama.

An rasa kaɗan, mafi yawa sun tsira, an biya bashi. Ruwan da muka saki kuwa bai tafi a banza ba, don jikan ya ja shi zuwa fangalin alayyahu da ke bayan katanga. Abin da ya kusa kashe kifi shi ya zama taki ga ganye, har matan gida suka riƙa tambaya ko yaushe za a sake canjin ruwa.