Ciwon da mahayin keke ba ya faɗa

Masu hawan keke sukan yi hirar ciwon gwiwa da na baya a sake, amma da wuya ka ji wani ya ambaci wurin da ya fi shan wahala, wato inda jiki ke haɗuwa da sirdi. Kunya ce ke rufe baki. Na daɗe ina yin doguwar tafiya a keke, kuma na ga abokai sun jingine nasu suna cewa aiki ne ya yi yawa, alhali maruru ne ya sauke su.

Maganin da muka saba da shi shi ne a naɗe sirdi da soso, a ɗaure da roba. Yana da daɗi a mintunan farko. Bayan awa guda ƙasusuwan zama sun nutse, soson ya koma yana danna nama mai laushi da jijiyoyi, gumi ya jiƙa wando, ɗinkinsa kuma yana gurzar fata a duk takawar feda.

'Yan tseren Turai sun bi wata hanya: suka ɗinke matashin a cikin wandon kansa. Da farko fata ce mai laushi, wadda ke ƙandarewa bayan wanki sai an shafa mata mai; yanzu soson roba ne marar kauri sosai, mai tsotse gumi. Hikimar ita ce matashin yana manne da jiki, yana motsi tare da shi, don haka gogayya takan koma tsakanin wando da sirdi, fata ta huta.

Kada mai karatu ya ɗauki lamarin ƙarami. A 1987 Sean Kelly yana kan gaba a tseren zagayen Sifaniya, ƙurjin sirdi ya tilasta masa janyewa. A 1989 Laurent Fignon ya ƙarasa tseren zagayen Faransa da irin wannan ciwo, Greg LeMond ya kayar da shi da daƙiƙa 8 kacal.

Na san matsattsen wando bai dace da tarbiyyarmu ba, ni ma ba na fita da shi haka. A ƙarƙashin wandona na yau da kullum nake saka shi, ba mai gani. Sharaɗinsa biyu: ba a sa kamfai a ciki, domin ɗinkin kamfan zai dawo da gurzar, kuma ana wanke shi bayan kowace tafiya. Wanda ya saya a gwanjo, ya matsa soson da yatsa tukuna. Idan bai taso ba, ya riga ya mutu.