Gudajin Tuwon Farko

Saurayin da ya fara koyon tuƙa tuwon masara yakan gane cewa hannu ma yana da nasa karatun. Ya yi talge, ya bar shi ya dahu, ya barbaɗa gari, sai ga gudaji, duk da ya juya muciya har kafaɗarsa ta yi tsami. Mahaifiyarsa ba ta taɓa auna kuka ko daddawa ba, ido kawai take sawa. Abin da ta tara cikin shekaru a gaban murhu shi yake nema cikin mako guda, a kan risho, a ɗakin haya. Wataƙila kewar gida ce ta riga yunwa tura shi girki, domin tuwon sayarwa bai yi ƙaranci a unguwar ba.