Wanda Ya Yi Magana a Ƙarshe Shi Ake Fara Saurara

Ranar da uban ya fara zama gaban ɗansa riƙe da kati 7 a hannu, ba sha'awar wasa ce ta zaunar da shi ba. Injiniya ne da ya daɗe yana aiki a wani birni na arewacin Ingila, kuma ya lura cewa yaron, mai shekara 14, ya rage magana a gida ƙwarai. Abu ɗaya ne ke buɗe masa baki: wasan katin nan mai suna Magic: The Gathering, wanda yake zuwa yi a wani shago duk daren Juma'a. Da uban ya tabbatar babu caca a ciki, sai ya ce a koya masa.

Ya ɗauka abin ba zai ba shi wuya ba, tun da ya sha buga Whot a zamanin jami'a. Kowane ɗan wasa yana farawa da maki 20 na rai, yana da kundin kati aƙalla 60, wanda ya ƙarar da makin ɗan'uwansa ya ci. Akwai katunan ƙasa, waɗanda ake juyawa a karkace don biyan kuɗin sauran katuna, akwai kuma halittu masu kai hari, kowace da lambobi biyu: ƙarfin duka da ƙarfin jurewa. Duk wannan ya shige shi cikin rabin sa'a. Inda ya yi tuntuɓe shi ne tambayar da bai taɓa zaton tana buƙatar doka ba: wa ke da ikon magana yanzu?

Yana da wata dabba a fili, Grizzly Bears, mai duka 2 da jurewa 2. A hannunsa kuma akwai Giant Growth, katin da ke ƙara wa halitta 3 a kowace lamba har ƙarshen zagayen. Ya tura dabbar hari, nan take ya ɗora mata katin ƙarin ƙarfi, yana jin ya yi dabara. Yaron ya juya katin ƙasa ɗaya, ya ajiye Lightning Bolt, mai yin ɓarna 3.

"Ta mutu, Baba."

"Kamar yaya ta mutu? Ai ni na fara sa nawa. Jurewarta ta zama 5."

"Naka bai yi aiki ba tukuna. Yana jira ne. Nawa ne a sama."

Uban ya ji wannan a matsayin rashin adalci, har da ɗan ƙanshin rashin kunya. A duk layin da ya taɓa bi, wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama. Amma yaron ne da gaskiya, kuma dalilin shi ne ginshiƙin wasan gaba ɗaya.

A Magic, katin da aka jefa ba ya aiki nan da nan. Yana hawa wani wuri da za a iya kira tari, kamar yadda ake jibga faranti ɗaya bisa ɗaya. Da ya hau, sai a ba kowane ɗan wasa damar ya ɗora nasa a kai. Sai dukansu biyu sun ce sun wuce, ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani ya ƙara komai ba, sannan katin da ke can sama ya yi aikinsa. Wanda ya taɓa ɗaukar faranti ya san ba a zaro na ƙasa. Masu ilimin kwamfuta sun san wannan tsari sarai: abin da ya shiga a ƙarshe shi ke fara fita. Saboda haka Lightning Bolt ya sami dabbar tana nan da jurewarta 2, ya kashe ta, kuma da aka sauko kan Giant Growth babu halittar da zai ƙarfafa, sai ya tafi a banza. Kati ɗaya na yaron ya cinye biyu na uban.

Abin da ya fi ɗaure wa uban kai shi ne da yaron ya maido katunan ya nuna masa akasin haka. Da yaron ne ya fara jefa Lightning Bolt, da uban ya mayar da martani da Giant Growth, dabbar ta zama mai jurewa 5 kafin ɓarnar ta iso, ta sha 3 ta tsira, ta kuma kai duka 5. Katunan ba su sauya ba, 'yan wasan ba su sauya ba. Wanda ya fara motsi ne kawai ya sauya, kuma shi ya yi asara. Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, in ji Hausawa. A wannan tebur, wanda ya riga ka magana zai biyo bayanka.

Ikon ɗora kati a kan tarin yana hannun mutum ɗaya ne a kowane lokaci, kuma dokoki sun fayyace yadda yake zagayawa. Mai zagaye, wato wanda wasa ke kansa, shi ke fara karɓa a kusan kowane mataki. In ya wuce, ikon ya koma wa abokin karawarsa. Bayan kowane kati ya gama aiki, ikon yana komawa ga mai zagaye, a sake buɗe ƙofa. Katuna ma ba ɗaya suke ba: halittu da wasu katunan sai a zagayenka, a babban mataki, kuma tarin babu komai a kai, na nan-take, irin su biyun da aka ambata, ana iya jefa su duk lokacin da ikon ya zo hannunka, ko da a zagayen wani ne. Idan kuma katunan mutum biyu suka tashi aiki a lokaci guda, mai zagaye ne ke fara ɗora nasa, wanda ke nufin na ɗayan ne zai fara aiki. Girmamawa ce mai tsada: an ba ka gaba, an kuma sa ka jira.

Wannan tsabtar tsari ba da ita aka haifi wasan ba. Richard Garfield, masanin lissafi ɗan Amurka, shi ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. A shekarun farko akwai rukunin katuna na musamman masu katse wasu, da tsarin haɗa martani dunƙule-dunƙule, wanda ko ƙwararru sukan yi gardama a kansa. Bugu na shida, a 1999, ya share wannan ya kawo tari guda ga kowa. Ko a nan an bar wata kafa: ɓarnar faɗa ita ma tana hawa tarin, don haka mutum yana iya sa halittarsa ta kai duka, sannan ya sadaukar da ita don wani amfani kafin dukan ya sauka, dukan kuma ya sauka duk da haka. Tsofaffin 'yan wasa suna ƙaunar wannan dabara, sababbi kuwa suna ganin ta saɓa wa hankali, kuma sababbin ne suka fi gaskiya. An cire ta a 2009.

Sauran wasannin sun amsa tambayar ta hanyoyinsu. A Yu-Gi-Oh, ana ƙulla martani kamar sarƙa, a warware daga ƙarshe zuwa farko, amma da an fara warwarewa babu mai ƙara komai sai an gama. Pokémon kusan ya hana ka motsi a zagayen wani. Hearthstone, wanda ya fito a 2014 don kwamfuta, shi ma ya rufe ƙofar, ba a tsayawa ana tambayar mutum ko yana da martani bayan kowane kati. Dukansu kuma sun yarda cewa fara wasa riba ce da dole a biya: a Magic mai farawa ba ya jan kati a zagayensa na farko, a Pokémon ba ya kai hari, a Hearthstone na biyu yana samun ƙarin kati da wani tsaba na makamashi.

Uban ya kammala cewa maganin shi ne yin shiru, sai yaron ya nuna masa cewa shirun ma yana da farashi. Idan ka wuce kana jiran ɗan'uwanka ya fara, shi ma ya wuce, kuma tarin babu komai, to wasa ya matsa mataki na gaba, ba a komawa baya. Katinka yana hannunka, lokacinsa ya shuɗe. A babbar gasar ƙwararru da aka yi a Dublin a farkon 2017, wani ɗan wasa ya furta kalma ɗaya da ke nufin zai shiga faɗa, alƙalai suka yanke cewa bisa ƙa'idar gasa ya riga ya tsallake matakin da yake son yin wani motsi a ciki. Hukuncin ya dace da rubutacciyar doka, amma ya tayar da ƙura, kuma cikin 'yan watanni aka gyara ƙa'idar. Kundin cikakkun dokokin wasan ya haura shafi 200, kuma wani sashe nasa bayani ne kan abin da mutum biyu masu ladabi suke yi ba tare da sun sani ba idan suna hira: wannan ya faɗi tasa, ya dakata, ya dubi wancan.

Dakatawar ce ta fi ba uban wuya. A wurin aiki shi ke buɗe taro, shi ke rufewa. A gida ma, in ya yi magana yakan zarce zuwa ta gaba kafin a amsa. A tebur kuwa doka ta tilasta masa, bayan kowane kati, ya ɗaga kai ya tambayi yaro ɗan shekara 14 ko yana da abin cewa, kuma ya jira amsar da gaske, domin amsar na iya rusa duk shirinsa. Makonni da dama yana jefa kati ya miƙa hannu zai aiwatar, yaron yana cewa, "Tsaya, Baba, ban ce na wuce ba."

Wani daren Asabar suka sake samun kansu a wuri ɗaya da na ranar farko. Grizzly Bears tana fili, yaron ba shi da halittar da zai tare ta, amma yana da jan katin ƙasa ɗaya a tsaye. Uban ya tura dabbar hari. Ya bar koren katin ƙasarsa ɗaya bai juya ba, ya kife katunan hannunsa a kan tebur.

"Na wuce," ya ce.

Yaron ya dubi koren katin, ya dubi hannunsa, ya dubi fuskar mahaifinsa. Ya daɗe a haka.

"Baba, me kake riƙe da shi?"

Uban bai amsa ba. Yaron ya ɗora yatsa a kan jan katin, ya sake janyewa, sannan ya ɗauki biro ya soke 20 ya rubuta 18.