Tsohuwar Mota a Sabon Hannu

Daga Maraɗi zuwa Dakoro akwai kwalta, tafiyar kilomita wajen 120. Amma wanda ya bar babbar hanya ya nufi ƙauyukan arewa, wajen kwarin Tarka, rairayi ne a gabansa, da sawun tayoyin waɗanda suka riga shi wucewa. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40, rijiya kuwa ba kusa take ba. A irin wannan wuri idan mota ta lalace ana iya rasa rai, gama sau da yawa wanda ke kwance a bayanta mace ce mai naƙuda, ko yaron da maciji ya sara.

Motar da mutanen wajen suka fi amincewa da ita ita ce Toyota Land Cruiser jerin 70, wadda ake ce wa kat-kat, wato mai ja da ƙafafu huɗu duka. An soma ƙera ta a 1984, har yanzu kuwa ana ƙera irinta. A 1990 aka sa mata injin da ake kira 1HZ, mai shan gazuwal, silinda 6 a jere, girman lita 4.2, ƙarfin doki wajen 130. Ba shi da gudu, amma yana da haƙuri, ba shi kuma da kwamfutar da za ta gagari bakanike na ƙauye. Sabuwarta ta fi ƙarfin talaka. Saboda haka wadda ke isa hannunsa ita ce wadda ta riga ta yi wa wasu bauta shekara da shekaru.

Akwai wani magidanci, mutumin ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, wanda ya soma da yaron mota, ya kuma yi shekaru yana tuƙa motar wani. Sa'ad da ya ji labarin wata kat-kat mai dogon jiki da rufi, wadda wata ƙungiyar agaji ta sayar bayan ta gama aikinta, sai ya sayar da shanunsa, ya ranci sauran kuɗin wurin ƴan'uwa, ya tafi Maraɗi ya saye ta a hannun dillali. Nufinsa shi ne ya riƙa kai mutane kasuwannin daji, ya kuma kai marasa lafiya asibitin Dakoro. Motar ta sha sabon fenti fari fat. Agogonta na kilomita ya nuna ba ta yi wata doguwar tafiya ba. Bayan an biya dillali da takardu, abin da ya rage a aljihunsa kaɗan ne.

Ƙanensa, wanda zai zama yaron motar, ya riga ya gama kashe kuɗin nan a zuciyarsa. Ya ce, "Yaya, mu sa mata manyan tayoyi da fitilu huɗu a bisa rufi, da ƙarfen gaba, da rediyo. Na kuma ji ana sa wa injin nan turbo, ya riƙa cin tudu kamar ba tudu ba. In muka shiga gari haka, fasinja ba zai dubi wata mota ba."

Magidancin bai ce masa a'a ba, gama shi ma abin ya shiga ransa. Amma kafin su sayi komai sai ya kai motar wurin wani tsohon bakanike wanda ya san shi tun yana yaron mota. Tsohon bai dubi fenti ba. Ya sunkuya ya dubi robar da ke bisa burki da kuloci, ya ga ta cinye har ƙarfe. Ya shafa sitiyari, ya danna kujerar direba. Sa'an nan ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya daɗe bai fito ba.

Da ya fito ya ce, "Ɗana, agogon kilomita bakinsa ɗaya da dillali. Amma robar burki ba ta iya ƙarya ba. Motar nan ta yi tafiya fiye da abin da aka rubuta."

Magidancin ya ce, "Baba, wato an cuce ni ke nan?"

Tsohon ya ce, "Ba a cuce ka ba, ƙashinta lafiyayye ne, shasi bai tsage ba. Amma ba ka san ranar da aka yi mata juyen mai na ƙarshe ba, ni ma ban sani ba. Abin da ba mu sani ba, sai mu ɗauka ba a yi ba. Kuɗin nan naka na ciki ne, ba na waje ba."

Ga yadda aka bi aikin, daki-daki.

Da fari aka zubar da dukan man da ke jikinta: baƙin man inji, wanda ya kai wajen lita 10, da man giya, da na ƙaramin giyan da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, da na aksul biyu, da man burki. Tsohon ya tari kowanne a kwano dabam yana dubawa, gama tsohon mai yana ba da labari. Wanda ya yi fari kamar kunu ruwa ya shige shi, wanda yake ƙyalli kuwa ƙarfe ne ke cin ƙarfe a ciki. Man aksul na gaba ya fito da kauri, ya cuɗanya da giris. Wannan ya nuna robar da ke tsare mai a ƙafafun gaba ta mutu, dole a kwance su, a wanke, a sa sabon giris da sabuwar roba.

Na biyu shi ne bel mai haƙora da ke gaban inji, wanda ke daidaita motsin bawul da na fistin. A tsofaffin injunan nan ana sake shi a kowace kilomita 100,000. Akwai fitila a gaban direba da ke tunasar da lokacinsa, amma ana iya kashe ta ba tare da an taɓa bel ɗin ba. Idan ya tsinke inji na tafiya, fistin yakan bugi bawul, gyaran kuwa ya ninka kuɗin bel sau da yawa. Da aka buɗe murfin aka ciro tsohon, tsohon bakaniken ya lanƙwasa shi a gaban saurayin. Duk gindin haƙoransa ya tsattsage. Saurayin ya karɓa ya jujjuya, bai ce komai ba.

Na uku shi ne ruwan sanyaya inji. An daɗe ana zuba wa lagireto ruwan rijiya, ruwan rijiya kuwa yakan bar tsatsa da farar ƙasa da ke toshe ƙananan hanyoyinsa. Aka kwance shi aka wanke, aka sake tiyo da marfi, aka gwada fanka. An kuma tarar wani ya cire ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumi, bisa ga al'adar masu cewa ƙasar zafi ba ta bukatarsa. Tsohon ya mayar da sabo, ya zuba ruwa mai tsabta haɗe da maganin tsatsa. Ya ce abin da wannan inji ba ya yafewa shi ne zafi. In ya tafasa a cikin rairayi, kan inji yana iya tsagewa, daga nan kuwa sai a nemi mai ja.

Sa'an nan aka sake matatar gazuwal da ta iska, aka duba burki ƙafa-ƙafa, aka sake robobin sifirin da suka ragargaje. A nan aka yi gardama a kan kayan gyara, gama a kasuwa matatar mai iri biyu ce a kwali iri ɗaya, ɗaya ta ninka ɗaya kuɗi. Tsohon ya tuna watan Janairu na 1994, sa'ad da aka rage darajar sefa da rabi, kayan gyara na waje suka yi tashin gwauron zabo, mutane suka koyi sayen mai araha. Ya ce ya ga injuna da yawa da matatar jabu ta kashe. Ya ɗauki biyun ya sa wa magidancin a tafin hannu, ta ainihi ta fi nauyi, gama takardar tacewa ta fi yawa a cikinta. Ya ce, "A madubi da fitila sayi mai araha in ka ga dama. A bel, da matata, da burki, kada ka yi ciniki da ranka."

Da aka gama, kuɗin ya kusa ƙarewa, motar kuma a ido tana nan yadda take. Saurayin ya ji zafin wannan ƙwarai. Ya ce, "Yaya, mun kashe dukiya, amma ba wanda zai gani."

Sai aka zo ga maganar ƙari, tsohon kuwa bai ƙi ƙari ba. Ma'auninsa ɗaya ne: kowane abu da za a ɗora wa motar, a faɗi wace wahalar hanya zai magance. Da wannan ma'auni turbo ya faɗi, gama ba a gina fistin na 1HZ domin wannan matsi da zafi ba, waɗanda aka sa wa turbo daga baya kuwa sukan tsaga fistin in aka matsa musu. Manyan tayoyi suka faɗi, gama suna rage ƙarfin ja, suna wahalar da burki da aksul, in kuma ɗaya ta fashe a daji ba za a sami irinta ba. Ita kuwa 7.50 mai lamba 16 da motar ta zo da ita, mai faci na kowace kasuwa ya san ta. Ƙarin ganyen sifirin domin ɗaukar kaya fiye da kima shi ma ya faɗi, gama yana sa mota ta yi tauri, ta riƙa dukan shasi, marar lafiya da ke kwance a baya kuwa shi zai sha kowane rami. Game da lodi bisa rufi, tsohon ya yarda da ƙaramar raga ta kaya marasa nauyi kaɗai, domin motar doguwa ce siririya, nauyi a sama kuwa shi ke kayar da ita a gefen tudu. Ya ƙara da cewa a hanyar da akwai ƴan fashi, mota mai ado ita ce ido ke fara gani.

Abin da ya ci jarrabawa kaɗan ne, ba kuwa mai ɗaukar ido. Aka sa bututun shaƙar iska wanda ya hau gefen gilashi zuwa rufi, domin inji ya sha iskar sama maimakon ƙurar da tayoyi ke tayarwa. Aka ƙara matatar gazuwal ta biyu mai tare ruwa, gama ko da yake an buɗe matatar man fetur a Zinder a 2011, wanda ke daji daga ganga da jarka yake saye, ruwa da datti kuwa ba su rasa shiga. Aka sayi taya ta biyu ta ajiya, da famfon iska, da shebur, da faranti biyu na ƙarfe da ake sa wa ƙarƙashin taya in ta nutse, da jarkar ruwa da ba a taɓawa sai da larura. Daga ƙarshe aka gyara benci ɗaya na baya yadda za a iya cire shi a shimfiɗa katifa.

Kafin su tafi, tsohon ya koya wa saurayin abin da zai zama aikinsa. A rairayi a sauka a murɗa makullan ƙafafun gaba, a sa giyan ƙafa huɗu tun kafin a nutse, a rage iskar taya domin ta shimfiɗu. Da an hau kwalta a mayar da iskar, a cire giyan, gama tafiya da shi a ƙasa mai tauri tana murɗe ƙarafan ciki. Sa'ad da ake hura taya mai zoben ƙarfe kada kowa ya tsaya a gabanta, gama zoben in ya fita yana kisa. Kowace safiya a duba mai da ruwa, a leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga. Da hunturu a kaɗe matatar iska a kai a kai. A yi juyen mai a kowace kilomita 5,000. Ya kuma ba su ɗan littafi, ya ce a rubuta kowane gyara da ranarsa da lambar agogo, domin kada motar ta sāke zama marar tarihi.

Magidancin ya ƙara wata ƙa'ida tasa. Kowace ranar kasuwa, kafin a cire na cefane ko na biyan bashi, akan ware rabon mota a sa a gwangwani. Masu bin sa bashi sun yi gunaguni a kan wannan, amma ya ce musu in motar ta tsaya, bashinsu ma ya tsaya.

Da damina ta yi tsakiya, wani dare bayan ruwa, aka buga masa ƙofa. Wata mace a wata ruga ta kwana biyu tana naƙuda. Suka cire benci, suka shimfiɗa katifa, suka ɗauko ta da uwarta da mijinta. Kwari ya jiƙe, sau biyu suka nutse, sau biyu saurayin ya sauka da shebur da faranti. Inji ya yi ta aiki a ƙaramin giya sa'o'i, allurar zafi kuwa ba ta gusa daga tsakiya ba. Suka isa Dakoro da asuba, aka shiga da matar, aka ceci ita da jaririnta. Ba wanda ya yi maganar motar a ranar, gama ba ta yi abin magana ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai sayen tsohuwar mota yakan gaji sakacin mutanen da bai taɓa gani ba, waɗanda kuma za su hau ta ba su da hanyar sanin abin da ke ƙarƙashin fenti. Sun dogara ne ga amanar mai ita, amanar kuwa a wuraren da ido ba ya kaiwa ake riƙe ta.

Bayan kaka ta biyu aka gama biyan bashi, aka kuma sayi rediyon. Fitilun rufi har yanzu ba a saya ba. Saurayin ne da kansa ya ce a bari tukuna, gama ya duba littafin ya ga lokacin sake takalmin burki ya yi kusa.