Na Ɗaura Sababbin a Gaba

Mai mota da ya je sayen taya da kuɗin guda biyu kacal ba kasafai ake tambayarsa inda za a ɗaura su ba. Kafin ya gama ciniki yaron mai faci ya riga ya cusa jak a ƙarƙashin gaban motar, shi ma ba zai ce uffan ba, domin a wurinmu magana ce da aka daɗe da rufewa: sabuwar taya ta gaba ce, tsohuwa ta lallaɓa a baya. Na yi shekaru a kan wannan ra'ayi. Da bi kawai na yi da sauƙi, amma har koyar da shi na riƙa yi. Ƙanena da ya sayi motarsa ta farko ni na raka shi kasuwa, ni na tsaya a kan yaran har suka ɗaura masa sababbin a gaba, yana ta yi mini godiya.

Kuma ba da ka nake magana ba, ina da hujja, hujjar da har yau rabinta gaskiya ne. Motata Corolla ce, irin masu ja da ƙafafun gaba, kamar Golf da Camry da Accord da Fijo 406 da akasarin ƙananan motocin da ke titunanmu. Inji a gaba yake, giyabos a gaba, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar a kan ƙafafun gaba yake zaune. Su ne ke ja, su ne ke karya kwana, su ne ke ɗaukar mafi yawan aikin birki. Na baya kuwa bi kawai suke yi. Shi ya sa na gaba ke rigan na baya suɗewa nesa ba kusa ba. Sai na ce wanda ya fi wahala ai shi ya cancanci sabon takalmi.

Hujja ta biyu gado na yi. Mahaifina Fijo 504 ya tuƙa, irin wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Ita da ƙafafun baya take ja, amma duk da haka bai taɓa yarda a sa masa taya mai shakku a gaba ba. Tsoronsa ɗaya ne, kada tayar gaba ta yi bindiga ana cikin gudu. A zamanin tayoyi masu tub wannan tsoro yana da tushe, don idan ƙusa ta huda tub iska takan fice kusan lokaci guda. Tayoyin yanzu marasa tub sukan riƙe ƙusar su yi ta sacewa a hankali. Taya ta canza, mota ta canza, ni kuwa na riƙe hukuncin Baba yadda ya bar mini shi.

A wata damina, cikin watan Agusta, na taso daga Jos zan koma Zariya ta hanyar Saminaka da Pambeguwa. Gwaggona na zaune a baya, mun je gaisuwar rasuwa. Ban daɗe da sa sababbin tayoyi biyu a gaba ba, kuma gaskiya su ne suka ba ni ƙwarin gwiwa. Ruwa ake yi, ba irin mai hana gani ba, amma ya kwanta a kan kwalta. Sitiyari ya yi nauyi mai daɗi a hannuna, motar na bin duk inda na nuna mata, don haka ban rage gudu yadda ya kamata ba. Na shiga wata kwana mai faɗi wadda ba ta da wani abin tsoro. Gaban motar ya shiga lafiya lau. Bayanta ne ya ƙi biyo shi. Na ji kujerar da nake kai tana zamewa gefe, na ɗaga ƙafa daga totur na taka birki, sai motar ta juya da mu gaba ɗaya, ta tsallaka ɗaya hannun, ta je ta kafe a cikin taɓo tana kallon inda muka fito. Allah ya taƙaita, babu motar da ke tahowa.

Gwaggo ta daɗe tana salati kafin ta ce, “Ɗan nan, barci ka yi ne?” Na ce ido biyu nake, Gwaggo. Mutanen da suka taru suka tura mu suna ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na amsa da haka ne, kuma na ji daɗin maganar, domin ta wanke ni.

Makonnin da suka biyo baya na yi ta neman mai laifi. Na ce kwaltar ce ta yi santsi, na ce wataƙila wata babbar mota ce ta zubar da baƙin mai. Na kai wa bakanike ya duba alaimen da shokozoba da birkin baya, ya ce duk lafiyarsu ƙalau. Ƙanen nan nawa da na yi wa karatu shi ne ya zo da maganar, cikin ladabi, yana sosa ƙeya. “Yaya, na ga fa masu ƙera tayar da kansu sun ce a baya ake sa sababbin.” Na yi masa dariya. Da dare na bincika, dariyar ta koma ciki. Michelin, Continental, Bridgestone, Goodyear, duk bakinsu ɗaya: idan biyu za a canza, sababbin su tafi baya, ko motar da gaba take ja, ko da baya, ko da duka huɗun. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ita ma shawararta ke nan. Michelin har filin gwaji gare su a Laurens, jihar South Carolina ta Amurka, inda ake jiƙa kwalta a ba mutum mota biyu iri ɗaya, ɗaya da sababbin a gaba, ɗaya da su a baya, ya zagaya ya ji bambancin da jikinsa.

Abin da ya shige mini duhu shi ne ban taɓa tambayar kaina mene ne aikin zanen taya ba. Na ɗauka don ta ciji ƙasa ne. A kan busasshiyar kwalta suɗaɗɗiyar taya ma tana kamawa. Zanen magudanar ruwa ne. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba, kuma idan ana ruwa dole ta ture ruwan da ke gabanta ta waɗannan ramuka kafin roba ta sami kwalta. Sabuwar taya zurfin zanenta kimanin milimita 8 ne. Ƙa'idar ƙasashen Turai ta ce kada ya gaza milimita 1.6, kuma akwai 'yan tudu a cikin ramukan da ke nuna an kai nan, sai dai tun daga wajen milimita 3 taya ke fara gazawa da ruwa. Idan ruwan ya fi ƙarfin magudanar, tayar sai ta hau kansa ta yi iyo, babu abin da ya haɗa ta da ƙasa. Masu binciken NASA a cibiyar Langley sun yi nazarin wannan tun 1963 saboda jiragen sama masu sauka a jiƙaƙƙen fili, suka gano cewa gudun da taya ke fara iyo ya danganta da iskar da ke cikinta. A lissafinsu, taya mai iska 32 a geji za ta tashi a wajen kilomita 94 a awa idan ruwan ya rufe zanenta, mai 24 kuwa tun a wajen 82. Wannan gudu ne da muke yi a hanyar gari zuwa gari ba tare da mun ɗauke shi gudu ba.

Ke nan idan tayoyin mota ba su yi daidai ba, akwai ɓangaren da zai riga ɗan'uwansa saki. Mai mota ne ke zaɓar wane ɓangare, ranar da yake tsaye a wurin mai faci.

Idan gaba ne ya fara saki, motar takan ƙi karya kwana, ta nemi miƙewa. Direba yana ji nan take, sitiyari ya yi sako-sako a hannunsa. Abin da tsoro zai sa shi yi, wato ɗaga ƙafa daga totur, shi ne maganin: gudu ya ragu, nauyi ya koma gaba ya danne tayoyin, su sake kamawa. Ko ɗan koyo yakan tsira ba tare da ya san abin da ya yi ba. Idan baya ne ya saki, labari ya sha bamban. Sitiyari ba ya gaya maka komai, domin ƙafafun da ke haɗe da shi suna riƙe da ƙasa daram. Sai bayan motar ya riga ya fara zagayowa za ka ji a ƙugunka. Kuma abin da tsoro zai sa ka yi shi ne zai ƙarasa ka, don ɗaga ƙafa ko taka birki yana kwashe nauyi daga baya ya jibga a gaba, tayoyin da ke neman abin da zai danne su sai su ƙara sauƙi. Gyaran shi ne ka mayar da sitiyari wajen da bayan ke zamewa, da sauri, daidai gwargwado, ka kuma dawo da shi kafin motar ta wurga ka ɗaya gefen, duk a cikin abin da bai fi daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. Mu da aka koya wa mota a filin makarantar firamare, ribas da fakin da tashi a kan tudu, wa ya taɓa nuna mana wannan? Ga shi motar da ke tafiya a kaikaice gefenta take miƙa wa abin da za ta daka, inda babu inji babu komai sai ƙofa, kuma idan ƙafarta ta faɗa zaizayayyen bakin titi a haka, adungure ne.

Ashe ƙafafun da na raina, masu bi kawai, su ne ke riƙe mota a kan layinta. Sababbin motoci suna da na'urar da ke jin bayan mota ya fara zamewa ta taka birkin ƙafa ɗaya da kanta don ta daidaita ta. Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga ƙarshen 2014. Tawa ba ta da ita, haka ma tarin Golf da tsofaffin Corolla da ke jigilar mutane tsakanin garuruwanmu. Ko mai ita ma, na'urar da birki take aiki, birki kuwa sai taya ta kama ƙasa.

Da na tsuguna na duba tayoyin bayan nan da kyau sai na ga wani abu kuma. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, a ƙarshensa lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, misali 3517 na nufin mako na 35 na 2017. Nawa da su motar ta shigo ƙasar nan. Saboda ba sa saurin cinyewa, ni kuma kullum na gaba nake canzawa, sai suka yi ta tsufa a wurin ba wanda ya kula, robar ta ƙeƙashe, gefensu duk ƙananan tsagu. Jami'an kiyaye haɗurra na ƙasarmu sukan ce shekara huɗu daga ranar ƙira. Michelin ta ce bayan shekara biyar a riƙa dubawa duk shekara, kada kuma a wuce goma komai kyan zane. Ko da wane ma'auni aka bi, tsarina yana tara tsofaffin tayoyi a baya ne. Wanda ke sa sababbi a baya ya turo na bayan gaba, gaban kuma yana cinye su tun da sauran ƙuruciyarsu.

Ba zan ɓoye ba, sa su a baya yana da nasa farashin. Idan na gaba rabin zane gare su, birki a cikin ruwa zai ɗan ƙara tsawo, kuma a lungunan unguwa da damina ke mayarwa taɓo motar za ta fi saurin kafewa. Sannan mai faci zai kwance ƙafa huɗu maimakon biyu, zai kuma ce a ƙara masa kuɗi. Da na koma wurin mai facina, cewa ya yi, “Alhaji, a baya? Wallahi asarar taya za ka yi.” Na ce na ji, a mayar. Sai dai na bayan nawa ba su cancanci zuwa gaba ba, kuma a nan na fahimci inda tsoron Baba ya kamata ya kai ni tun farko: tayar da nake jin tsoron sa wa a gaba don kada ta fashe, a baya ma ba ta da wurin zama, domin fashewar ta baya a cikin gudu ita ma bayan motar take kwashewa. Dole na ci bashi na sayi wasu biyun. Tun daga nan nake juya su, na gaba su koma baya duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, ana lura da masu alamar kibiya a gefe waɗanda ba a sauya musu hannu, don su huɗun su tsufa tare.

Ƙanena ya mayar da nasa a makon. Wanda ya gagare ni wani abokina ne da ke haya da Golf, wanda ban taɓa ganin ya sayi taya biyu a rana ɗaya ba, balle sabuwa. 'Yar Beljiyam yake saye, ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta mutu a maye gurbinta. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce shi ramukan hanya yake faɗa wa kullum, ruwa kuwa wata huɗu ne a shekara, kuma but ɗinsa ba ya rabuwa da buhuna, bayan motarsa a danne yake. Na ce masa kayan da ke danne bayan su ne kuma za su ja shi waje idan ya saki, su ne ke gasa tsofaffin tayoyin a cikin zafin Afrilu. Muka yi ta ja. Abin da na samu daga gare shi a ƙarshe shi ne ya yarda idan ruwa ya sauka zai riƙa zaɓar biyun da suka fi zane a mayar masa baya, zai kuma sauko ƙasa da 80 idan kwalta ta jiƙe. Da rani kuwa, ya ce in ƙyale shi da abin da ya sani.