Kile da Muryar Tsohuwa

Tun da aka rufe mahaƙar COMINAK a Akokan a 2021, wani tsohon ma'aikacin lantarki ya koma gyaran kwamfuta. Wata ɗaliba ta kawo masa tata: Windows ta ƙi tashi, ga hirar Tamajek da kakarta a ciki, tsohuwar kuwa ta rasu.

Bai goge komai ba. Ya ɗauko kile, wanda Kanawa ke kira filash. Sunan Arlit ya fi dacewa, domin mabuɗi yake nufi a Faransanci. Ya tsara shi da FAT32, tsarin da UEFI ke ganewa, ya zuba masa Ubuntu. Sau biyu na'urar ta tsallake kilen, sai da ya sa shi farko a jerin tashi.

Ya kwafe hirar tukuna, sannan ya kunna.

"Baba, ƙara sauti," in ji ɗalibar.